Matar da Ke Jikin Farantin Baba Mukhtaru

Duk wanda ya taɓa kai tukunya wurin mai shafa dalma a Makka ya san rawar da ake yi kafin a kai ga dalmar. Yashi ake zubawa a cikin tukunyar jan ƙarfe da ɗan ruwa, a shimfiɗa guntun buhu, mutum ya shiga da ƙafafu biyu, ya dafa bango, ya yi ta murza ƙugu dama da hagu har cikin tukunya ya yi fes. Baba Mukhtaru na unguwar Tandabawi ya yi wannan rawa har gwiwoyinsa suka fara kai ƙara. Ranar da Hajara, mai ɗakina, ta aike ni da tukunyarmu gab da azumi, na tarar da shi yana murzawa a hankali kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci. Shi Badamagare ne, ni kuwa iyayena Kanawa, saboda haka akwai wasa tsakaninmu tun kafin a haife mu.

Na ce, "Baba, haka ake rawa a Damagaram? Fito ka ga ta Kano."

Bai yi musu ba. Ya fito, ya zauna a kan wani akwati, ya ce, "Bismilla, Rabi'u."

Na tattare riga na shiga. Ban yi nisa ba tukunya ta yi gabas, ni na yi yamma. Bangon da na dafa kuwa na tabarma ne da falankin gwangwani, sai ya ce shi ma zai raka ni. Na faɗi zaune, wandona ya yage a inda ba a so, wani ƙunshi da aka soke a saƙon rufi ya faɗo mini a cinya, tsumman ya warware. Faranti ne na jan ƙarfe, shimfiɗaɗɗe, bai kai allon karatu girma ba. Da rana ta haska shi sai na ga mace a jikinsa, sunkuye, riƙe da fitila.

Baba Mukhtaru bai motsa daga kan akwatinsa ba. Ya ce, "In ka gama rawar, miƙo mini matata."

Daga wannan rana na zama mai yawan zuwa, kuma abin da ke biye na tsince shi ne kaɗan-kaɗan, don shi ba mutum ba ne mai zuba.

Mukhtaru ɗan maƙeran fari ne, waɗanda ba ruwansu da baƙin ƙarfe, sai tagulla da azurfa da jan ƙarfe. Yana saurayi ya iya zanen tasa da na buta, da wani ɗan kurfi, ƙarfen zane mai tsini, da ubansa ya ƙera masa. Bai daɗe da aure ba ya ɗaura niyyar gabas a ƙafa, shi da matarsa Rumasa'u, irin tafiyar da ake yi a lokacin: a taka har guzuri ya ƙare, a zauna a yi sana'a, a sake tashi. Da za su fita, uwar Rumasa'u ta rako su har bakin gari, ta kama hannun rigarsa ta ce, "Yadda na ba ka ita, haka za ka dawo mini da ita. Hajiya kawai na yarda a ƙara mata."

A garin Abashe suka yi damina biyu. A can akwai wani likita Bafaranshe da Mukhtaru yake shafa wa tukwanen gidansa dalma. Zazzaɓi ya kashe likitan, aka kwashe kayansa masu daraja, kukunsa ya tattaro tarkacen da ya rage ya ba Mukhtaru wannan faranti a ladan aiki, ya yi baƙi ƙirin, wai ya yanka ya riƙa toshe gindin tukwane. Kukun ya ce ya ji daga bakin maigidansa cewa kayan gado ne, a ƙasarsu tawada ake shafa wa irinsa a danna takarda, hoto ya fito, kuma mutanen da ke jiki na cikin tatsuniyoyin kakanninsu ne. Abin da ya sani ke nan, ba ƙari.

Mukhtaru ya goge shi da toka da tsamiya. Ya karkata shi wajen haske. A garinsu in an zana tasa, daga ƙofar ɗaki ake hango zanen. Wannan kuwa layukansa sirara ne kamar gashin jariri, jere da juna, inda aka so duhu an gicciya su, inda aka so haske an bar ƙarfen haka nan. Da layi kaɗai wani bawan Allah ya yi labule mai nauyi, ya yi laushin katifa, har da ɗumin harshen wuta. Saurayi ne kwance yana barci, da fukafukai a bayansa, kwari da baka a yashe gefen gado. Mace ta sunkuya a kansa da 'yar fitilar mai a hannun hagu, tana kallon fuskarsa. Su biyun kuma babu wanda ya sa abin kirki a jikinsa.

Rumasa'u ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "A'uzubillahi. Duk arzikin Nasara a rasa zane ɗaya?" Ta koma bakin murhu. Can ta dawo, ta ƙara dubawa, ta ce, "Kada ka yanka shi."

Ita ta riƙe farantin. Ta ɗinka masa riga ta ƙasa, ta mayar da bayansa sama, ta riƙa jera dakuwa a kai tana sayarwa a duk zangon da suka sauka. In sun keɓe sai ta buɗe, su yi ta gardama a kan mutanen nan biyu da ba su san ko sunansu ba. Mukhtaru ya ce maƙullin akwati take nema. Rumasa'u ta ce wannan mata ba ta san tsadar mai ba, kuma yadda ta karkata fitilar nan, sai ta ɗiga wa bawan Allah a kafaɗa. Wani lokaci ta ce, "Kai ne nan, barci kamar kasa, fukafukan ne kawai aka yi maka ƙarya." Ita bahaguwa ce, don haka ta ce matar 'yar'uwarta ce, tunda da hagu ta riƙe fitila. Sai a Fashir, bayan Mukhtaru ya tashi daga wani ciwo da ya kusa tafiya da shi, ta dubi farantin ta ce, "Na gane yanzu. Dubawa take yi ko yana numfashi."

Shekaru suka wuce kafin su ga teku. A Sawakin ba su da takardun shiga babban jirgi, sai suka bi ƙaramin jirgin filafilai irin wanda yake sauke mutane a ɓoye kudu da Jidda. Iska ta ɗauke a tsakiyar ruwa, ruwan sha ya yi kaɗan, gudawa ta shiga cikin mutane. Rumasa'u ta rasu da hantsi, kanta a kan cinyarsa. Matan da ke jirgin suka kare ta da zane suka yi mata wanka da ruwan gishiri, suka naɗe ta. Aka yi salla, aka ɗaura dutse, aka sa ta a ruwa. Mukhtaru ya tsaya yana kallon wurin don ya shaida shi, amma teku ba ta da kusurwa, ba itace, ba suri. Kafin ya ƙifta ido wurin ya zama kamar ko'ina.

Ya yi hajjinsa. Da ayarin mutanen ƙasarsu ya tashi komawa, ya raka su har bayan gari, ya ba da saƙon gaisuwa ga kowa, ban da gida ɗaya. Bai san da wane baki zai tsaya gaban tsohuwar nan ba, shi da ko kabari ba shi da shi da zai kwatanta mata. Ya dawo Tandabawi ya kafa bukka cikin 'yan'uwa Takari, ya haƙa murhu, ya ɗinka zugazugi da fatar akuya. Makka gari ne na tukwanen jan ƙarfe, kuma tukunyar da ba a shafa mata dalma ba guba ce, saboda haka bai rasa aiki ba. Dattawan unguwa sun yi ta kawo masa maganar zawarawa. Yakan ce, "Tayyib, in sha Allahu," ya ci gaba da zuga wuta, har suka gaji suka bar shi.

Abin da bai taɓa zato ba shi ne fuska tana gogewa. Muryarta tana nan, da yadda take jan ƙafa in ta gaji, da dariyarta mai fita ta hanci. Amma wata rana ya nemi fuskar a zuciyarsa sai ya tarar da abu kamar tsohon kwabo da hannaye suka cinye. Ya tuna tana da bille a kuncin hagu, ya tuna goshinta, amma ya kasa haɗa su wuri guda. A lokacin ne ya sauko da farantin, ya ciro kurfin ubansa.

Da farko cewa ya yi sutura zai yi musu, don bai dace a ajiye tsirara a garin Ɗakin Allah ba. Ya ɗaura wa matar zane, ya bi shi da ratsin saƙi irin na Damagaram, layi bayan layi, yana kwaikwayon hannun wancan Bafaranshen da bai san ko a wane zamani ya rayu ba. Aikin ya ci masa watanni, domin ba ya taɓa shi sai ranar Juma'a da safe, in babu mai kawo tukunya. Saurayin kuwa gwado ya lulluɓa masa har wuya, fukafukan suka koma kamar tudun matashi. Da ya gama sai ya ga kan matar a buɗe, ya ɗaura mata kallabi, ya karkata ɗaurin gefe yadda Rumasa'u take yi. Wata shekara ya sa mata 'yan kunne. Wata shekara kuma, bayan ya daɗe yana juya abin a ransa, ya ja numfashi ya tsaga mata bille a kunci. Hancin dai na Nasara ne, ba yadda zai yi da shi. Amma daga ranar, in ya karkata farantin wajen haske, fuskar da ta ɓace masa takan ɗan leƙo ta bayan waccan.

Sau ɗaya ya gwada abin da kukun ya faɗa. Ya kwaɓa baƙin tukunya da man ridi, ya cusa a layukan, ya goge saman, ya ɗora jiƙaƙƙiyar takarda ya yi ta murza ta da bayan cokali. Hoto ya fito, dishi-dishi. Sai dai komai ya juya: matar ta koma ɗaya gefen, fitila ta koma hannun dama, bille ya koma wancan kuncin. Ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, ban san ki ba," ya tura takardar cikin murhu.

Ɓoyewa kuwa dole ce. A shekarun nan 'yan hisba masu sanduna suna zagaye unguwanni, in sun ji warin taba ko ƙarar garmaho su faɗa gida, balle a ce hoton mace. Amma ba su ne suka tayar masa da hankali ba. A shekarar da na faɗi a tukunyarsa tari ya kama shi, hayaƙin dalma na shekara da shekaru ya fara neman hakkinsa a ƙirji. Ya rame, ya daina shiga tukunya, sai ƙananan butoci. Ya fara tunanin yadda za a same shi: shi kaɗai, a ɗaki, wataƙila sai wani ya kawo aiki ya yi sallama ba a amsa ba. Yana cikin haka ne Malam Abdulganiyyu, limamin ɗan masallacin unguwar, ya karanta musu bayan la'asar cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da akwai hoto.

Mukhtaru ya san wannan magana tun yana yaro, amma da ta wuce ta gefen kunnensa. Ranar sai ta zauna. Mutum ya rasa ɗa, ya rasa ɗan'uwa da zai riƙe masa kai ya laƙƙana masa kalmar shahada, sannan waɗanda ba sa ƙyamar talaka su ma su iso ƙofa su tsaya a waje? Ya bari jama'a suka watse, ya matsa kusa da Malam, ya ciro ƙunshin daga ƙarƙashin riga.

Malam Abdulganiyyu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa ya ɗaura mata zanen?"

"Ni ne, Malam."

"Billen fa?"



Malam ya rufe tsumman da kansa, a hankali. Ya ce, "Malam Mukhtaru, ba zan faɗa maka abin da babu shi a littafi ba don in faranta maka. Hoto kai ne. In an shafe fuska, ko an raba kai da jiki, ya zama kamar itace. Kai maƙeri ne, layi ɗaya a wuya ya ishe ka. Ba sai ka narka ba, ba sai ka yar ba."

"Layi ɗaya."

"Mai zurfi dai, yadda za a ga ya rabu."

"Su biyun?"

"Su biyun. Allah ya sauƙaƙa maka."

Washegari da hantsi ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora farantin a gwiwa. Ya fara da saurayin. Wannan bai ba shi wuya ba, har ya ce masa, "Kai dama barci kake yi," ya ja kurfi daga gefe zuwa gefe, ɗan zaren jan ƙarfe ya nannaɗe ya faɗi. Ya hure ƙurar. Ya juya farantin, ya sa bakin kurfi a ƙasan kunnen matar, daidai inda ɗan kunnen ya tsaya.

Hannun nan bai taɓa rawa a kan aiki ba, kuma ranar ma bai yi ba. Tsayawa kawai ya yi. Ta sunkuya, fitila a hagu, tana duban mutumin da yanzu aka raba kansa da jikinsa, ko yana numfashi. Mukhtaru ya tuna a jirgi ba a bar shi ya ga fuskarta ta ƙarshe ba, zane aka kare, aka miƙo masa ita a naɗe. Sau ɗaya ya sake ta da hannunsa, don ba yadda zai yi. Yanzu an ce ya sake, kuma wannan karon da wuƙa. Ya zauna haka har inuwar bukka ta janye ta bar shi a rana, wata mata ta zo da buta ta yi sallama ta gaji ta tafi. Da aka kira azahar ya ajiye kurfin.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya zagaya bayan bukka, wajen murhu, inda katangar maƙwabci ta yi lungu. Ya kafa 'yar rumfa da falankin gwangwani, ya rataye farantin a can, ya kife tsohon murfin tukunya a kansa yadda mai wucewa ba zai ga komai ba sai tarkacen maƙeri. Sannan ya koma ɗaki ya fitar da komai, ya share, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya sa turaren wuta. Ya kira Malam Abdulganiyyu ya nuna masa. Malam ya dubi ɗakin, ya dubi lungun, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce, "Ɗaki dai ya tsarkaka," ya sa takalmansa.

Ɗaki ya tsarkaka, amma Mukhtaru ya kasa zama a cikinsa. Shekara da shekaru ba ya buɗe ƙunshin sai Juma'a, amma ya san yana nan a saman kansa, in ya shigo yakan yi sallama, in zai ci abinci yakan ce bismilla da ɗan ƙarfi kamar mai tayi. Yanzu in ya yi sallama, tabarma ce kawai da ƙamshin turare. Ya fara da kai abincinsa lungun. Daga nan ya kai buzun salla. Daga nan ya ja gadonsa na igiya ya ajiye a ƙarƙashin rumfar. Lokacin zafi ne, duk Makka a waje take kwana, ba wanda ya lura. Ɗakin kuma bai fasa share shi kullum ba, bai fasa sa masa turare ba.

Sai da sanyi ya shigo abin ya fito fili. An yi ruwa irin na garin nan, wanda yakan shekara bai zo ba, in ya zo kuma ya gangaro daga duwatsu da duk abin da ya tarar. Da gari ya waye Hajara ta dama kunu ta ce in kai wa Baba. Na tsallaka taɓo na isa, na leƙa ɗaki: a bushe, a share, tabarma a shimfiɗe, ba kowa. Na zagaya baya. Yana zaune a kan gado, ƙafafun gadon cikin ruwa, ya lulluɓa da bargo jiƙaƙƙe, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Murfin tukunyar kuwa ya naɗe shi da busasshiyar rigarsa ɗaya tilo.

Na ajiye kwanon. Raina ya ɓaci, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ne yake fara sani. Na ce, "Baba, wannan wace irin dabara ce ta Damagarawa? Ka share wa mala'iku ɗaki, ka sa musu turare, ka bar musu tabarma, kai ka fito kana kwana a kwata. To in sun zo su tarar da wa? Sai su zauna su yi ta jiran maigida, maigida yana bayan gida wajen amarya."

Ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya hura, ya kurɓa. Sai da tarin ya lafa sannan ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Wanda aka aiko ya sami Rumasa'u a tsakiyar teku ba zai ɓata tsakanin ɗaki da murhu ba, Rabi'u. Kai dai ka tausaya wa naka biyun da ke kafaɗa. Tun da ka iya magana ba ka bar su sun ajiye alƙalami ba."